Daga samariya zuwa fada: abin da ke riƙe ƙungiya a ƙasar Hausa ta Nijar

Ɗalibin da aka tura ya yi bincike bisa ƙungiyoyin wani gari, a jahar Maraɗi ne ko Damagaram ko Tawa, wurin da yakan fara zuwa shi ne ofishin hukuma. A can ake ɗauko masa rajista, ya kwafe sunayen ƙungiyoyin da aka amince da su, da sunayen shugabanninsu, da ranar da aka ba su takarda. In ya shiga gari neman su, sai ya tarar da yawa daga cikinsu ba abin da ya rage musu sai hatimi cikin aljihun shugaba. A kan hanyarsa kuwa ya wuce samari zaune bisa benci suna dafa shayi a gindin bangon da suka rubuta sunan fadarsu, ya wuce gidan da mata suka taru domin zubin mako, ya wuce rumfar mahauta inda sarkin fawa ke sasanta rigimar kuɗi. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a rajistar da ya kwafe.

Wannan ƴar takarda tana son ta bayyana dalilin wannan saɓani. Kalmar «ƙungiya» a Hausar yau ta haɗa abubuwa biyu da ba jinsinsu ɗaya ba. Akwai tarayyar da ke tsaye bisa bashi, watau kowa ya san abin da ya ba ƴan uwansa da abin da yake jira su mayar masa. Akwai kuma tarayyar da ke tsaye bisa takarda, wadda wani daga waje ya nemi a kafa domin ya sami wanda zai yi wa magana. Tarihin shekaru sittin da suka wuce a kudancin Nijar ya nuna yadda hukuma, sa'an nan jam'iyyu da masu porje, suka riƙa aron suna da sarautun ta farkon suna ɗora wa ta biyun. Za mu bi wannan ta hanyar samariya, domin ita ce aka fi yi wa wannan aro, sa'an nan mu duba abin da ya tsiro a gurbinta.

Gayya da biki

Kafin a yi maganar samariya ya kamata a tuna da gayya. Mai gona wanda noma ya fi ƙarfin mutanen gidansa yakan sanar da ranar da yake neman hannu. A ranar matan gidan su dama fura, su tuƙa tuwo, a tanadi goro, wani lokaci a kira makaɗan noma su bi bayan manoma suna zuga su da kirari. Ba a biyan kowa ladan aiki. Amma fa ba kyauta ba ce. Wanda ya zo gayyarka ya rubuta maka bashi a zuci, ranar da ya kira tasa kuwa in ba a gan ka ba, garin duka ya gani. Saurayin da ke neman aure yakan kai abokansa gonar surukinsa, kowane ɗaya daga cikinsu kuma yana sane da cewa nasa lokacin yana tafe. A ƙasar Maraɗi, inda saurayi ke yi wa gandun mahaifinsa aiki mafi yawan kwanakin mako, ya sami abin da ya saura domin gamanarsa, abokan da za su kama masa ba ƙaramin jari ba ne.

Mata suna da nasu tsarin, wanda ya fi na maza tsananin lissafi. Biki, a ma'anar da matan Katsinar Maraɗi da Gobir ke ba kalmar, shi ne gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar suna ko aure. Abin da aka kawo ana riƙe adadinsa, ranar ramawa kuma a ƙara a kai, sau da yawa a ninka, har adadin ya yi nauyi su yarda su koma ƙasa su sake farawa. Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana aiki a kwarin gulbin Maraɗi, ya ba wannan musayar kyauta littafi guda a 1986, bayan babban littafinsa na 1975. Ya nuna cewa har manyan bukukuwa irin su dubu, inda manomin da ya tara damma dubu ke rabar da dukiyarsa ya zama sarkin noma, da kan ƙwarya, inda mace ke yin irin haka ta zama tambara, duk bisa wannan ƙa'ida suke: mutum yana sayen matsayi da abin da ya fitar, jama'a kuma suna riƙe da lissafin. Claude Raynaut, a nazarinsa na ƙauyen Sumarana da ya fito a 1972, ya jawo hankali ga wani abu da ya shafe mu ƙwarai, watau nauyin dangantakar da mutum ke zaɓa da kansa, abota da ƙawance da ubangida, a gefen wadda ya gada ta jini.

Abin lura a nan shi ne babu buƙatar ɗan sanda. Hukuncin wanda ya ci bashin jama'a shi ne ranar da ya yi taro ya ga tabarmi babu kowa.

Samariyar gargajiya

Samariya ita ce tarayyar samarin gari ko na unguwa, tun daga waɗanda suka isa riƙe hauya har zuwa magidanta masu ƙuruciya. Tana da sarkin samari, wanda samarin ke zaɓa, mai gari ko sarki ya amince, yana kuma da fadawansa masu sarautun da aka kwaikwayo daga fadar sarki: galadima, waziri, alƙali da sauransu. Ƴan mata suna da tasu shugaba. Da Nasara suka zo sai aka ƙara da sarautun zamani, a sami gwamna da kumandan da likita a cikin yaran ƙauye. Wasan kara, wanda ƙasar Damagaram ta shahara da shi, daga wannan ɗabi'a ya fito: bayan an kawar da amfanin gona matasa su yi shigar masu mulki, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu, manya suna kallo suna dariya.

Aikin samariya shi ne shirya gayya, yasar rijiya, gyaran hanya da maƙabarta, tarbar baƙi, da kula da dandali. Wannan na ƙarshe bai kamata a raina shi ba. Dandali nan ne samari da ƴan mata ke haɗuwa da dare, nan ake kiɗa da kokowa da dambe, sarkin samari kuma shi ke da ikon cin tarar wanda ya yi rashin kunya ko ya ƙi fitowa aikin gayya. Saurayin da aka hana shiga dandali ya rasa hanyar zance. Ke nan samariya tana da abin da za ta ba ɗanta, tana kuma da abin da za ta hana shi, duka biyun a cikin garin suke.

Hukumar mulkin mallaka ta gane amfanin wannan tsari wajen tara hannuwa da shirya tarbar manya. Da siyasar jam'iyyu ta shigo bayan 1946, RDA da Sawaba kowace ta nemi samarin gari su zama nata. Bayan an haramta Sawaba a 1959, gwamnatin Jori Hamani ta mayar da harkar matasa ƙarƙashin jam'iyya ɗaya tilo, samariya ta koma gefe, ƴan jam'iyya suka hau gaba.

Samariyar Kunce

Sojojin da suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974 sun tarar da ƙasa cikin yunwa, sun rushe jam'iyya da majalisa, ba su kuma da wata igiya da ta haɗa su da talakawa in ban da sarakuna da kumandoji. Seini Kunce ya nemi wannan igiya a wuraren da ba za a kira su siyasa ba. An kafa ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa a 1974, ƙungiyar matan Nijar a 1975, aka kuma tayar da samariya, wannan karo a ƙasa baki ɗaya, har a yankunan da ba su san sunan ba a da. Kalmar Hausa ta zama sunan wata hukuma ta ƙasa, da biro a kowace unguwa da kowane ƙauye, da matakai har zuwa Yamai, ƙarƙashin ma'aikatar matasa.

Ba daidai ba ne a ce abin bai yi aiki ba. Waɗanda suka rayu a wannan zamani suna tuna azuzuwan lakol da samariya ta gina, da itatuwan da aka dasa, musamman ranar 3 ga Agusta, da sharar unguwanni, da gidajen samariya da aka yi da tubalin da matasan suka buga da hannunsu. Gasar kokowa ta ƙasa ta fara a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya yi nasara. Bikin matasa na ƙasa ya fara a Damagaram a 1976, ya riƙa zagaya manyan biranen jahohi, kowace jaha tana kawo mawaƙanta da ƴan rawarta da ƴan wasan kwaikwayonta bayan an yi tankaɗe tun daga ƙauyuka. Garin da zai karɓi bikin yakan sami filin wasa da gyaran tituna. Wasan kwaikwayo na Hausa ya bunƙasa ƙwarai a wannan lokaci, rediyo da talabijin suna ɗauka, kamar yadda Janet Beik ta bayyana a littafinta na 1987 bisa ƴan wasan Damagaram. Duk wanda ke nazarin adabin Hausa na Nijar ba zai iya tsallake waɗannan shekaru ba, ko da kuwa jigogin wasannin, irin su auren dole, almubazzaranci, ci-rani da haɗin kan ƙasa, sau da yawa daga bisa suke saukowa.

A 1979 aka naɗa kwamitin da zai tsara abin da aka kira Société de développement. Tsarin ya tsaya bisa ginshiƙai biyu, samariya da koperatif, da majalisu hawa biyar: ta ƙauye, ta kanto, ta gunduma, ta jaha, da ta ƙasa, wadda aka kafa a 1983. Koperatif ɗin su ma ba daga manoma suka fito ba. Magadan UNCC ne, hukumar da aka kafa a 1962, wadda manoman Maraɗi da Damagaram suka fi sani ta hanyar awon gyaɗa da bashin iri. A watan Yunin 1987 aka amince da kundin ƙasa ta hanyar ƙuri'ar raba gardama, Kunce ya rasu a Nuwamban shekarar, a 1989 kuma, ƙarƙashin Ali Shaibu, tsarin duka ya rikiɗe ya zama jam'iyyar MNSD.

To, mene ne ya sauya a cikin samariyar kanta? Sunan yana nan, sarkin samari yana nan, kiɗa yana nan. Abin da ya sauya shi ne inda bashin ya fuskanta. A gayyar gargajiya wanda ka yi wa aiki maƙwabcinka ne, za ka gan shi gobe a gonarka. A gayyar hukuma aikin na «ƙasa» ne, ranar da wurin sufurfe ne ya sa, wanda ya fi cin moriya kuwa shi ne shugaban da za a yaba wa a gaban baƙi. Ba wanda zai zo ya rama maka kwanan da ka yi kana share hanyar da ministan zai bi. Tun da ramawa ta fita, sai tsoro ya shiga gurbinta: ana fitowa domin kada a rubuta sunan mutum cikin masu taurin kai, a zamanin da kowa ke jin cewa gwamnati tana da kunne a kowace rumfa. Shugabancin ma ya tashi daga hannun samari. A birane an sha ganin sarkin samari mai furfura, ɗan kasuwa ko na hannun damar sarki, domin kujerar ta zama hanyar kusantar masu mulki da samun kwangila. Bai kamata a manta ba kuma cewa dokar ƙungiyoyi ta 1 ga Maris 1984 ta ɗora wa kowace ƙungiya neman izinin hukuma, ta kuma haramta masu siffar yanki ko ƙabila. Ke nan a daidai lokacin da ake kiran jama'a su haɗa kai, an rufe musu ƙofar haɗa kan da ba a shirya musu ba.

Akwai wani dalili kuma da ba na siyasa ba. Gayya da kanta tana ja da baya tun kafin nan. Gandu yana rarrabuwa, gonaki suna ƙanƙancewa, mai hali ya gwammace ya ɗauki ƴan barema ya biya su ya huta da bashin jama'a, samari kuma suna tafiya ci-rani Kano da Legas da Abijan da Libiya. Yunwar 1984 zuwa 1985, wadda mutane suka laƙaba wa sunan El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, ta ƙara watsa su. Samariyar hukuma ta ari rigar wani abu ne da ya riga ya fara ramewa.

Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso, bayan harbin ɗalibai a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairun 1990 da taron ƙasa da ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, samariya ta faɗi tare da tsarin da ya ɗauke ta. Ba a yi wata zanga-zangar neman a bar ta ba. Wannan shirun shi ne babbar shaida bisa abin da ta zama.

Fada

Shekarun 1990 sun zo wa matasan birane da abubuwa uku a lokaci guda. Gwamnati, wadda kuɗin uraniyom suka yanke mata tun farkon shekarun 1980, ta daina ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki. Makarantu sun shiga yajin aiki da shekarun da aka soke. A Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi. Ga yawan jama'a yana hauhawa: ƙidayar 1977 ta ba da kimanin miliyan 5, ta 1988 miliyan 7 da ƴan kai, ta 2012 miliyan 17. Saurayi mai takardar shaida ko marar ita ya tarar ba shi da aiki, ba shi da abin aure, ba shi da ɗaki a gidan mahaifinsa da zai tara abokai, ba shi kuma da bakin magana a gaban manya. Abin da ya rage masa shi ne bakin titi da dare.

A nan fada ta tsiro. Sunan ma abin dubawa ne: fada ita ce inda sarki ke zama da mutanensa, ga shi yaran da ba su da ko kujera sun kira bencinsu da shi, kamar yadda kakanninsu suka yi da sarautun samariya. Damagaram ce aka fi dangantawa da farkon yaɗuwarta, gidajen rediyo masu zaman kansu da suka buɗe a wannan zamani, irin su Anfani, sun kuma taimaka, domin fadoji suna aika gaisuwa ana kiran sunayensu a iska. Daga baya ta cika Yamai da Maraɗi da Tawa da Dogon Dutsi, har ta shiga ƙauyuka. Florence Boyer ta yi nazarin na Yamai, Adeline Masquelier kuma ta fitar da littafi guda bisa fada a 2019.

Wanda ya kalli fada daga nesa zaman banza yake gani. In ya matso zai ga tsari. Akwai shugaba, akwai ma'aji, akwai mai dafa shayi, wanda yawanci shi ne ƙarami. Shayin da kansa, da ake dafawa bisa gawayi a sha hawa uku, yana cin sa'o'i, kuma kuɗin ganye da sukari da gawayi karo-karo ne: wanda ya samu yau ya saya, gobe wani ya saya. Akwai fadojin da ke da zubi na mako ko na wata. Ranar da ɗan fada zai yi aure, su ne ke kafa rumfa, su ɗauko kujeru, su haɗa masa gudummawa. In matarsa ta haihu ko mahaifinsa ya rasu su ne a gaba. In an kama shi su bi sawu. In wani ya ji labarin aikin lebura ko na gadi, ɗan fadarsu zai fara gaya wa. Da yake suna zaune har tsakar dare, unguwa takan sami masu gadi ba tare da ta biya ba. Wasu kan fito yasar lambatu kafin damina ko gyaran maƙabarta. Wannan shi ne lissafin gayya da biki, an ɗauke shi daga gona an kawo shi bakin titi. Wanda ya cika shan shayi bai taɓa sayen sukari ba, ba a korarsa da takarda, amma zai ji a jikinsa.

Ba na son a ɗauka yabon fada nake yi. Kusan dukkanta ta maza ce, ƴan mata baƙi ne a cikinta. Abin da take iya tarawa kaɗan ne, domin talaka ne ke taimakon talaka. Lokacin zaɓe kuma ƴan siyasa sun san hanyarta sarai: buhun sukari, kwalin shayi, tabarma, rediyo, sai a wayi gari an shafa wa bango launin jam'iyya. Ƴan fada da yawa suna karɓa daga kowane ɓangare suna dariya, abin da ke nuna ba a saye su ba, amma yana nuna kuma ƙaramin farashin da aka sa musu. A Damagaram, a shekarun 2000 da 2010, wani reshe ya fito da ake kira palais, gungun matasa masu ɗaga ƙarfe da faɗace-faɗacen unguwa, waɗanda aka riƙa ambata duk lokacin da tarzoma ta tashi, har da ta 16 ga Janairun 2015 da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa. Fim ɗin Aisha Maki mai suna Zinder, na 2021, ya shiga unguwar Kara-Kara ya nuna su daga ciki. A can ma ƙa'idar ramawa tana aiki, sai dai abin da ake ramawa ya haɗa da duka. Riƙon amana tsakanin ƴan ƙungiya ba ya nufin alheri ga wanda ke wajenta.

Akwatin mata

Misalin da ya fi koyar da mu, a ganina, daga wajen mata ya fito, domin shi ne wurin da wani daga waje ya sa hannu abin kuma bai mutu ba. Adashi tsohon abu ne: mata su yarda da adadi, kowace ta zuba, uwar adashi ta tara, ɗaya ta kwashe, a zagaya har kowa ta samu. Amfaninsa a fili yake, iyakarsa ma haka: kwasarki tana zuwa ne ranar da layi ya zo kanki, ba ranar da yaronki ya kwanta ciwo ba.

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani gwaji a jahar Maraɗi da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Mata kimanin talatin su haɗu, su zaɓi shugaba da ma'aji da masu ƙirga kuɗi, su riƙa zubi kowane mako cikin akwatin ƙarfe mai makullai uku, kowane makulli a hannun mace dabam. Maimakon ɗaya ta kwashe duka, sai a ba masu bukata rance na ɗan lokaci, su mayar da ɗan ƙari. Bayan watanni, galibi a daidai lokacin da aka fi matsuwa, a fasa akwati a raba. A misali, mata 30 masu zuba dala ashirin, watau sefa 100, sun tara jikka uku a mako. A mako 40 sun tara jikka 120, ban da ƙarin da rance ya kawo. Ba dukiya ba ce, amma ta isa jarin ƙuli-ƙuli ko tunkiyar turka, ta kuma isa mace ta sayi magani ba ta kai kwanonta jingina ba. Maganar ƙarin da ake biya ta jawo muhawara da wasu malamai, ƙungiyoyi da dama kuma sun nemi hanyar da za su daidaita ta da fahimtarsu ta addini.

Abin da ya bambanta wannan da sauran ayyukan porje shi ne ba a zuba kuɗin waje cikin akwatin ba. An kawo tsari da horo, kuɗin kuwa na matan ne. Saboda haka wadda ta ƙi biya ba Nasara ta cuta ba, maƙwabciyarta ta cuta, wadda za ta haɗu da ita a bakin rijiya da gidan suna. Ana ƙirga kuɗin a gaban kowa, a faɗi adadin da ƙarfi, ko wadda ba ta yi lakol ba ta riƙe shi a ka kamar yadda take riƙe lissafin biki. Shi ya sa ƙungiyoyin suka ci gaba bayan masu horon sun tafi, wasu ma suka kafu da kansu ta hanyar kwaikwayo. Tsarin ya bazu a sauran jahohin Nijar, daga nan aka ɗauke shi zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, wanda ya kafa majalisu a komin 265, an sami matan da suka koyi magana a gaban jama'a a wajen akwati suka tsaya takara, wasu kuma suka ci.

A kwatanta wannan da kwamitocin da porje-porje suka shuka a ƙauyuka tun daga shekarun 1990: kwamitin famfo, na bankin hatsi, na injin niƙa, na asibiti, na makaranta. Kowane mai kuɗi ya zo da sharaɗin a kafa masa biro, a sa mata kaza a ciki. Mutanen ƙauye sun ƙware da wannan, har akan tarar mutum biyar ko shida su ne biro na kowane kwamiti, suna sauya kujeru kawai. Binciken da cibiyar LASDEL ta Yamai, wadda aka kafa a 2001, ta yi bisa ikon ƙauyuka ya sha komawa kan wannan batu: akwatin kwamiti yakan zama fanko, a san wanda ya ci, ba a kuma hukunta shi. Masu porje sukan fassara wannan da rashin wayewa. Amma matar da ta yi shiru da aka cinye kuɗin bankin hatsi, ita ce ba za ta yafe dala biyar ta adashi ba. Hatsin bankin kyautar baƙo ce, ba guminta ba ne, tsayawa a kansa kuwa zai ɓata ta da dangin mijinta a kan abin da ba wanda ya ɗauke shi bashi.

Tsakanin waɗannan biyu akwai ƙungiyoyin ƴan asalin gari, na ma'aikata da ƴan kasuwa mazauna Yamai ko ƴan ci-ranin Adar mazauna Abijan, masu haɗa kuɗi su gina masallaci ko aji ko su kai gawa gida. Waɗanda ke tsakanin ƴan ci-rani sun fi ƙarko, domin kowa cikinsu yana iya zama wanda za a yi wa karo-karon gobe. Na manyan ma'aikata kuwa sukan farka ne in zaɓe ya gabato.

Ga mai bincike

Tun daga 1991, kusan duk lokacin da aka yi maganar tarbiyyar matasa sai an sami mai cewa a mayar da samariya. Mai wannan magana yakan haɗa biyu ne a zuciyarsa, dandalin ƙauyensu da faretin zamanin Kunce, ya manta cewa na farkon ba doka ce ta kafa shi ba, na biyun kuma da doka ta janye ya watse. Batun bai tsufa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rushe majalisun komin a Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo, an kuma rushe jam'iyyun siyasa a 2025, saboda haka tambayar ta wace hanya hukuma za ta isa ga unguwa da ƙauye ta sake dawowa, kamar yadda ta taso a 1974.

Ɗalibin da muka fara da shi, in ya koma garin, zai fi samun abin rubutawa in ya ajiye rajista ya yi wasu tambayoyi ƙanana. Wa ya zuba, nawa, yaushe? Kuɗin da ke cikin akwati daga aljihun wa suka fito? Wa ya kwasa na ƙarshe, me ya yi da su? Ranar da wani ya ƙi biya ko ya ƙi fitowa, me aka yi masa, wa ya yi? Yaushe aka sauya shugaba, ta yaya? Sunan wane ko bikin wane ƴan ƙungiyar suka halarta a watan da ya wuce? Amsoshin ba sa samuwa a zama ɗaya da shugaba. Sai an zauna ranar zubi an ga ƙirga, an kuma kai dare a fada har shayi na uku. Ɗaliba mace ce za ta iya shiga gidan da ake buɗe akwati, ɗalibi namiji kuma ya zauna bisa benci, don haka ya fi kyau a tura su biyu gari ɗaya, su haɗa abin da suka gani.